Kanannadon Gwaggo Hari a Guangzhou

Mutumin farko da ya yi mini Hausa a Guangzhou shi ne ya cuce ni. Na fito daga tashar jirgin ƙasa da akwati da jakar goyo, gumi ya jiƙe ni sharkaf, ga shi ba za a buɗe ɗakunan kwanan jami'a ba sai bayan kwana huɗu, sai na ji an ce, "Malam, daga gida?" Wani ne da hula zanna, Hausarsa ta cikin birnin Kano. Daɗi ya kama ni kamar na ga ɗan ɗakinmu. Ya ce akwai masauki nan kusa, ya karɓi jakar wai ya rage mini kaya, muka kutsa kasuwar takalma ta Zhanxi Lu. Na tsaya na ba wani mai turin kwalaye hanya, ina ɗago kai babu mutumin babu jaka. Allah ya taimake ni fasfo da takarduna suna aljihun gaba. Amma kilishi da kuka da daddawa da yajin da aka daka mini duk sun tafi. Har yau in na tuna, ba kilishin ke ƙona mini rai ba, godiyar da na yi masa lokacin da ya karɓi jakar ce.

Sunana Habibu, a Gwale aka haife ni, a nan na girma. Injiniyancin ruwa na karanta, kuma neman digiri na uku ne ya kai ni ƙasar Sin. Ina da taurin kai, wannan ko mahaifiyata ba ta ɓoye wa baƙo.

Da tambaya da nuni da hannu na isa Dengfeng, unguwar da aka ce mutanenmu ke zama. Na zauna a kan akwatina a bakin wani gidan abinci, na ƙudurta ba zan sake amsa sallamar duk mai Hausa ba. Wani dattijo fari, siriri, ya fito yana sakace, ya tsaya a kaina.

"Ɗana, mi ya same ka? Zaman nan naka ba na mai jiran mota ba ne."

Na yi masa banza. Ya koma ciki, ya fito da kwanon tuwon shinkafa ya ajiye a gabana, ya tafi abinsa. Sai da na suɗe kwanon sannan na bi shi na ba shi haƙuri. Shi ne Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, mai sayen yadi yana aikawa gida. A tabarmar ɗakinsa na yi kwana huɗun nan, shi ya koya mini cewa lawban shi ne maigida, meyo kuma babu.

Da ya tambaye ni karatun da na zo yi, na zage na yi masa bayani. Na ce akwai wani ɗaki na ƙarfe a jami'armu da ake rufe mutane da shuke-shuke a ciki. Iska ba ta shiga ba ta fita, haka ruwa, haka abinci. Mutum ya fitar da numfashi shuka ta ci, shuka ta fitar da iska mai kyau mutum ya shaƙa. Na ce ana so ne a gane yadda ɗan Adam zai rayu a duniyar wata, ko a duk inda ƙasa ta ƙi shi.

Alhaji ya ce, "Wato zuba ku za a yi cikin jarka a toshe, kamar wake."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Ina yaro ana kai ni hutu ƙauye wajen Gwaggo Hari, yayar mahaifina, can gefen Bichi. Na sha ganin tana cika jarka da wake har wuya, ta sa leda a bakin, ta murɗa marfin da duk ƙarfinta. In na tambaya sai ta ce ƙwarin da ke ciki za su shanye iskar su mutu, waken ya tsira. Tun daga ranar ni da Alhaji ba mu sake kiran ɗakin da wani suna ba sai jarka.

Jami'ar tana Tianhe, cikin dogayen gine-gine da kasuwannin kayan lantarki. Jarkar tana bayan sashenmu, girmanta kamar an haɗa kwantena uku. Ɓangare ɗaya na kwana da girki ne, sauran kuma fangali huɗu na shuka a ƙarƙashin fitilu. Shugabar aikin, Farfesa Liang, ƴar ƙaramar mace ce da ba ta maimaita magana. Shekara biyu na yi ina gyaran matatar da ke mayar da fitsari da ruwan wanka su zama ruwan sha da na ban ruwa. A shekarun nan na koyi cin ganye da tsinke biyu, na koyi yin Sallar Idi in dawo aji, na kuma koyi yadda mutum ke kewar abin da bai taɓa lura da shi ba. Ni kukan ƴan tsakin maƙwabtanmu ma sai da na yi kewarsa.

Matsalarsu ɗaya ce a lokacin. Waken soya da suke shukawa don ya maye gurbin nama ba ya jure ruwan matatar da zafin fitilu, kullum a yamushe yake. Wata rana a taro bakina ya riga ni, na ce waken ƙasarmu zai jure, tunda a yashi da rana yake girma. Farfesa ta ɗago ta dube ni.

"Zan ba ka fangali ɗaya cikin huɗu," ta ce. "Za a rufe mutum biyu kwana ɗari. In wakenka ya yi ƴaƴa suka bushe kafin a buɗe ƙofa, a kansa za ka rubuta digirinka. In bai yi ba, ba ka da abin rubutawa, kuma gurbin karatunka a bana zai ƙare."

Na ce na yarda, tun kafin ta rufe baki.

Littattafai sun ce akwai waken da ke nuna cikin wata biyu da ƴan kwanaki, wanda a gida ake ce wa ɗan wuri. Na kira Gwaggo Hari. Ita Babana take ce mini, saboda sunan mahaifinta aka sa mini. Na ce, "Gwaggo, ɗan wuri nake so, rabin kwano. Sinawa za a nuna wa." Ta ce to, Babana, an gama. Jami'a ta nemi takardun izini, Alhaji Mamman da zai je gida ya biya ta Kano ya taho da shi, waken ya yi makonni a hannun masu binciken iri kafin su sake shi. Da na buɗe ledar na ga wake fari tas, manya-manya. Ni ɗan birni ne, wake a faranti na san shi, sai kawai na ce lallai ɗan wurin Bichi ya ƙoshi. Na gwada shi a gidan gilashin jami'a da sanyi ya shigo, cikin kwana arba'in ya yi fure. Na riƙa tafiya a sashen nan kamar ni na halicci wake.

Ana jibi za mu shiga na je yi wa Alhaji sallama. Ya ciro wata babbar riga ta shadda, shuɗiya mai duhu, ya miƙo mini. "Ranar da za a buɗe ku, da ita za ka fito. Kada ka fito mini cikin wandon ƴan ƙwallo, mutanen lakwal suna kallo." Lakwal makaranta ce a Hausarsu ta Maraɗi. Aka turara rigar da maganin kashe ƙwayoyin cuta tare da sauran kayana, na shiga da ita.

Abokin zamana a jarka Wu ne, mutumin arewacin ƙasar, ƙato mai ƙarancin magana. Shekara bakwai ya yi yana aiki a kan alkamar da ke fangali biyu, na huɗun kuma dankali ne da ganye. Da aka murɗa ƙofar daga waje na ji ƙarar ƙarfen har cikin haƙorana. A bango akwai wani ma'auni mai allura da ke nuna yawan gurɓatacciyar iska. Dokar a fili take: in allurar ta taɓa jan layi, za a buɗe ƙofa, aikin kowa ya tashi a banza.

Zaman ciki ba ya misaltuwa da komai da na sani. Babu sama, babu kiran salla, sai gurnanin injina. Ruwan da na yi alwala da shi yau, shi zan sha jibi. Wu ne ya duba wayarsa ya manna mini jan tef a bango daidai alƙibla. Fitilu awa goma sha shida suke yi a kunne saboda alkama haka take so. Wakena kuwa ya samu yadda yake so, ya yi yaɗo ya kama igiyoyi ya hau har rufi, ganye kamar tafin hannu. Muna tsinkar ganyen muna dafawa. Wu ya ce ya fi na soya daɗi, na ce ai ba ka ga komai ba tukuna.

Kwana arba'in ya zo ya wuce. Kullum da safe nakan bi yaɗon ganye-ganye ina neman ko da ɗigon fure. Wu ya leƙo daga cikin alkamarsa ya ce, "Meyo?" In ce, "Meyo." Da farko wasa ne. Da aka kai kwana hamsin ya daina tambaya. Na auna ruwa, na auna taki, na auna zafi, komai daidai. Farfesa ta fito a allon da muke magana da waje, ta ce fangalin nan abinci aka ba shi ya kawo, ba inuwa ba. Ta ba ni kwana biyu, in ba wani bayani a tuge a sa dankali.

Da la'asar ɗinmu, lokacin hantsi ne a gida, na kira Gwaggo. Na tura hoton waken a wayar maƙwabciyarta don ta gani. Ina jin ta tana salati tana dariya.

"Kai, Babana, wannan yaɗo haka. Ai kanannado ya samu wuri."

Na ce, "Gwaggo, wane kanannado? Ɗan wuri na ce."

"Na ji ka. To amma ka ce Sinawa za a nuna wa. Ni Hari in ɗebi ɗan wuri, waken da ake ci don yunwa ta matso, in aika wa baƙi a wata ƙasa? A ce haka waken Bichi yake? Jarkar kanannado na fasa, na zauna na tsince maka manyan ɗaya bayan ɗaya."

Wallahi da wani ne ba Gwaggo ba, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na cije leɓe, hawaye ya cika mini ido, na haushi ne zalla. Shekara uku na rayuwata ta tafi a kan kara da kunya. Na daure na ce, "To ya ƙi yin fure."

"Yo ai ba a ƙirga wa kanannado kwana. Ko da ruwan fari ka shuka shi, ko a tsakiyar marka, ba zai yi fure ba sai an yanke gero, magariba ta fara saurin yi, dare ya ƙara tsawo. Wake ne mai son barci. Can wajenku ƙarfe nawa rana take faɗuwa?"

Na ce ba rana ba ce, fitila ce, kuma takan yi awa goma sha shida.

"To ka hana shi barci, kuma ka zauna kana jira ya haihu."

Na ajiye wayar na zauna a bakin fangalin. Abin yana cikin littattafan da na karanta, amma na tsallake shi saboda na ɗauka ɗan wuri gare ni, shi kuwa ba ruwansa da tsawon rana. A gidan gilashi da sanyi rana gajera ce, shi ya sa ya yi mini fure ya yaudare ni. Na lissafa kwanakin da suka rage, na ga in na ba shi dogon dare daga gobe, zai iya kaiwa da ƙyar. Nan na ce wa kaina ko dai waken nan ya haihu, ko a fitar da ni da shi a hannu.

Sai dai abin ba kashe fitila kawai ba ne. Hasken fangalin alkama yana malalowa kan nawa, kuma ɗan haske kaɗan ya isa ya ɓata daren. Dole a yi masa rumfa mai duhu ƙirin. Na biyu kuma ya fi muni: waken nan da yawan ganyensa shi ke ba mu kaso mai yawa na iskar da muke shaƙa, in ya ƙara awa huɗu a duhu kullum, allurar bango za ta hau. Na daɗe a kan injinan nan, na san inda za a rage. Akwai tukunyar da ke ruɓar da shara da bayan gida ta mai da su taki, ita ma iska take ci kamar mutum na uku. Na ce a kashe ta, mu riƙa busar da abin muna ɗaurewa a leda, mu kuma daina hawa keken motsa jiki.

Farfesa ta saurare ni har ƙarshe. "Ba ni ke shaƙar iskar ba," ta ce. "Ka tambayi Wu."

Wu ya yi kicin-kicin da fuska. Ya ce shekararsa bakwai tana cikin alkamar nan, in aka buɗe ƙofa saboda kuskuren gwaggon wani, wa zai biya shi? Raina ya ɓaci da ya ambaci Gwaggo, na miƙe tsaye, shi ma ya miƙe, ɗakin kuwa ba ya ɗaukar mutum biyu masu fushi. Na haɗiye, na ce masa kuskuren nawa ne, ni ne ban san waken garinmu ba. Na ce in allura ta kai yatsa ɗaya kafin jan layi, ya tuge waken da hannunsa, ba zan ce uffan ba. Ya dubi allurar bangon, ya ce, "Yatsa ɗaya."

Ba a shigo da komai daga waje, don haka da abin da ke ciki na yi rumfar. Na haɗa bargona da zanin gadona da ledojin shara, bai kai ba. Na ciro rigar Alhaji, na shimfiɗa ta, na daɗe riƙe da almakashi kafin na sa mata. Kwana ɗaya da wuni na yi ina ɗinki da allurar ɗinke maɓalli, yatsuna duk suka huje. Duk da haka gefen da ke kallon alkama ya rage ɓaraka kamar kamu biyu, na riƙa toshe ta da riguna da tawul, haske yana silalowa.

Ƙarfe biyar na yamma in rufe, biyar na asuba in buɗe. Cikin kwana uku ɗakin ya ɗauki wari, irin wanda ke bin mutum har cikin abinci. Allura ta fara hawa a hankali. Kanmu ya riƙa ciwo, in na yi sujada na ɗago sai na ga duhu-duhu. Wu ya daina yi mini magana gaba ɗaya, in ya dafa taliyarsa ya juya mini baya. Na riƙa tuna ƙwarin da ke cikin jarkar Gwaggo, na ce ashe haka suke ji. Na rage motsi, na rage ci, in ba aiki ba ina kwance kamar mara lafiya, duk don in bar wa ɗakin iska.

A rana ta tara da fara rufewar na zo rufe rumfa na tarar an riga ni toshe ɓarakar. Bargon Wu ne, an ɗinke shi da ɗinki ƙanana masu kyau, ba irin nawa na gaggawa ba. Na same shi a cikin alkama na ce shiye-shiye, wato na gode. Bai ɗago ba. Ya ce, "In za a yi wari, a yi shi don wani abu."

Allura ta tsaya yatsa biyu kafin layi, ta yi ta rawa a nan. Rana ta saba'in da uku na yaye rigar Alhaji da asuba, na ga wani abu fari da ɗan shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin ganye. Na durƙusa na duba da kyau don kada idona ya yi mini ƙarya. Fure ne, guda uku. Na kira Wu. Ya zo ya tsuguna, ya duba, sannan ya ce, "Yo." Akwai kenan. Ban ji kunyar kuka a gabansa ba.

Bayan mako fangalin ya cika da fure, sai ƙananan kwanso suka biyo baya. Muka bar rumfar har sai da suka yi ƙwari, sannan muka kunna tukunyar taki, allura ta fara sauka. Kwanson farko ya bushe a rana ta casa'in da huɗu. Muka ɓare da hannu ni da Wu, muka auna, muka rubuta, na dafa mana ɗan kaɗan da gishiri da mai. Wu ya cinye nasa ya leƙa tukunya.

Ranar da aka buɗe ƙofa, iskar waje ta buge ni da ƙanshin ƙasa da hayaƙin mota, ban taɓa jin abu mai daɗinta ba. Farfesa ta karɓi kwalbar waken ta jujjuya ta, ta ce, "Ka fara rubutu ranar Litinin." A wajenta wannan kirari ne. Can bayan mutane na hango Alhaji Mamman da farar hularsa, yana ƙare wa wandon ƴan ƙwallon da ke jikina kallo.

"Ɗana, ina rigar?"

Na ce, "Alhaji, wake ne ya sa ta."

Da na ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to ai ta yi amfani, shi dama ta yi masa yawa.

Da izinin Farfesa da takardar masu binciken iri na ɗebi cikin tafi ɗaya, na cika ƴar ƙaramar gorar ruwa har wuya, na sa leda a bakin na murɗe marfin yadda na ga ana yi. Da Alhaji zai je gida ya ce shi da kansa zai kai, Bichi ai a kan hanyarsa take. Ya kira ni daga tsakar gidan Gwaggo, ya juya wayar ina ganinta zaune a tabarma. Ta buɗe gorar, ta zuba a tafinta, ta kai kusa da ido. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a haƙori, na ji ƙas har Guangzhou.

"Ya bushe," ta ce. "Kuma nawa ne, na gane shi."

Na ce, "Gwaggo, saura kaɗan ki kashe ni."

"To da ɗan wurin na aika, da me za ka koya musu?" Ta mayar da waken cikin gorar, ta murɗa marfin da duk ƙarfinta, ta ce da damina za ta shuka shi a bayan ɗaki. Sannan ta matso da fuskarta kusa da wayar.

"Babana, ka faɗa wa matar nan, in za su tafi da shi duniyar wata, su riƙa kashe masa fitila da wuri."